Zauren Haya

Shafi na 19

Masu turo min "ƙaro, ƙaro" tun da sassafe, ga shi nan. Wadda ta ɗora tukunya ta sauke kafin ta fara, ba ruwana da ƙauri.

*

Ƙarfe uku da kwata Armiya'u ya gama rataye zanin gadon kakarsa a jikin allo.

Fari ne tas, in ban da tabon man zafi a gefe guda. Ya ce shi ne sikirin.

Karima na zaune a bencin gaba na ɓangaren mata, littafin ƙungiya a cinyarta. Kallonsa take irin kallon da ake wa akuya in ta hau katanga. Ba mamaki ake ba, jira kawai ake a ga ta ina za ta faɗo.

Kwana huɗu ya yi a Abuja, har da na hanya. Ya dawo da shuɗiyar igiya mai kati a wuya, wadda ko alwala ba ta raba shi da ita. Ya dawo da sunan Kodineta, wanda ba mai tuna ranar da aka naɗa shi. Ya kuma dawo da wata manhaja ta wani kamfani, ya ce ƙungiyar Ɗigon Rai ta bar guruf ɗinta na wasaf ta koma can da hirarta da shawararta da komai nata.

Yau za a kaɗa ƙuri'a.

Ajin firamaren ya cika maƙil. Maza dama, mata hagu, hanya a tsakiya. 'Yan Shinkafi sun zo a motar Malam Tsoho, 'yan Zurmi a kan babura, 'yan Ƙaura da ƙafa. Mutum sittin da ɗoriya, duk masu ba da jini don Allah in mace ta zubar wajen haihuwa ko mota ta kife.

Armiya'u ya gyara igiyar wuyansa.

"Assalamu alaikum. Gud aftanun."

Aka amsa masa rabin farko. Rabin na biyu aka bar masa kayansa.

"Jama'a, magana ta gaskiya, yadda muke aiki ya zama lokal."

Inna Balaraba, wadda ta kafa ƙungiyar, wadda kuma ta haifi uwarsa, ta zaro goro daga bakinta.

"Ya zama mi, maigidan?"

"Lokal, Inna. Irin na ƙauye."

"To da ina muke? Landan?"

Aka yi dariya. Bai yi ba.

"Mutum ya shiga guruf ɗinmu, me zai ji? Ana neman gero biyu a Zurmi. Dawa ɗaya a Shinkafi. Wallahi na kunna wa wata madam a Abuja, ta ɗauka 'yan hatsi ne mu. Na ji kunya."

"Allah Sarki," in ji Inna. "Ta samu barci dai?"

Tsarin Inna ne wannan, tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin tana unguwarzoma tana ganin mata na tafiya a kan abin da ledar jini ɗaya za ta tsayar. Matan ƙauye ba sa riƙe O da A da B. Amma ba macen da za a ce mata ke gero ce ta manta. Mai O gero, mai A dawa, mai B maiwa. Jinin nan mai wuyar samu kuwa, wanda sai a gwada mutum ɗari ba a dace ba, shi ne riɗi.

Doka ta biyu ta fi ta farko tsauri. Ba a faɗar suna. Mai bayarwa ya shiga ɗakin gwaji ta ƙofar baya, dangin mara lafiya a ce musu an samu, shi ke nan. Wane ya ba wane, littafi ɗaya ne ya sani, shi ne wanda ke cinyar Karima.

Armiya'u ya sunkuya yana haɗa wayoyin kwamfutarsa da na'urar haska hoto. A daidai nan wata doguwar mata ta leƙo ƙofar aji da ƙwarya a ka.

Karima ta rufe littafin cinyarta da sauri.

Barakatu ce.

Ta sauke ƙwaryar, ta raɓo ta jikin bango har ta zo ta tsuguna kusa da ita.

"Karimatu, ga ni. Tuwo biyu nac ci, na sha nono. Ina mai jinyar?"

"Wace mai jinya? Wa yak kira ki?"

"Wancan mai igiya. Yac ce kin ce in zo yau, kar in makara."

Har ta fara naɗe hannun rigarta.

Karima ta riƙe hannun ta mayar mata da shi.

"Koma bencin baya. Ja mayafinki. Ko mi kika ji kar ki yi magana."

"Lafiya?"

"Je ki dai."

Tsakanin Zurmi da Shinkafi riɗi uku ne kacal. Ɗaya ya tafi Legas gadi, ɗaya na da ciki. Saura Barakatu, matar Hammadu, mai tallar nono daga wata ruga bayan Gurbin Bore. Sau biyar tana bayarwa. Ko mijinta ce masa take kasuwa ta yi dare.

Na biyar ɗin da daminar bara ne. Saliha matar Mudi ta haihu jini ya ƙi tsayawa. Mudi na nan Ƙaura, wanda aka kashe wa ƙane a gona, ya shiga 'yan sa-kai, ya rantse a bainar jama'a cewa ko nonon Fulani ba zai ƙara shiga gidansa ba. Ranar Karima ta kira Barakatu a waya. Abu ɗaya Barakatu ta tambaya.

"Mace ta?"

"Mace ta."

"Ina tahe."

Ba ta san ko matar wa ba ce. Mudi bai san ko jinin wa ba ne. In Mudi ya ji, Allah kaɗai ya san abin da zai yi. In aka ji a ruga cewa jininta na gidan ɗan sa-kai, sunan da za a kira ta da shi, na maciya amana, ba a kwana da shi lafiya. Karima ta yi mata alkawari tun ranar farko: sunanki ba zai fita daga bakina ba, ba zai fita daga littafin nan ba.

Janareton Dauda, ɗaya daga samarin ƙungiyar, ya yi tari sau biyu ya kama. Haske ya faɗa kan zanin gado.

"Yawwa!" in ji Armiya'u. "Ga dandalin. Kowace matsala da ɗakinta. Ba hayaniya, ba wanda zai turo mana hoton Ka'aba da Juma'at Mubarak sau arba'in."

Mutum uku suka sunkuyar da kai.

Malam Tsoho ya ɗaga hannu. Shekara talatin yana jan mota tsakanin Ƙaura da Shinkafi, maiwa ne shi.

"Kodineta, tana ɗaukar murya?"

"A yanzu rubutu ake, Baba. Amma za su ƙara murya a bashan na gaba."

"A mi na gaba?"

"Nan gaba dai."

"To ni da ban iya rubutu ba, in mace na zubar da jini cikin motata, in tsaya in nemi ɗan makaranta?"

"Za a yi tirenin."

Wata daga Katuru ta ce, "Mu can sabis bisa tudun maƙabarta kaɗai yake. Murya na tahiya in ka ɗaga waya sama. Wanga abu mai hotuna zai tahi?"

"Wannan matsalar netwok ce, ba ta manhaja ba."

"Au. To madalla."

Inna ta nuna zanin gadonta da haɓa.

"Maigidan, wanga zaure da kake son mu koma, na wa na?"

"Na kamfanin ne, Inna. Kyauta suka ba mu."

"Makulli na hannun wa?"

"Ai ba makulli ake cewa ba, admin..."

"Na hannun wa?"

"Nasu."

"Zauren haya ke nan."

"Na ce kyauta ne!"

"To ran da mai zauren yat tashi da ciwon kai ya rufe abinai, mu zauna ina mu yi shawara? Gindin katin wuyanka?"

Mata suka kwashe. Armiya'u ya share goshi.

"Ku bari ku ga babban abin tukuna. Mutanenmu suna aiki ba wanda ya san su. A duniya yanzu ana bukatar bizibiliti. Ga shafin Gwarazan Wata. Wanda ya fi bayarwa, hotonsa, sunansa, da waɗanda ya ceta."

Ya danna.

Allah ya taimaka sabis ɗin Ƙaura ya yi halinsa. Hoton ya fara sauka daga sama a hankali, layi layi. Gefen faifai. Bakin ƙwarya. Gammo.

Karima ta san ƙwaryar. Tana da ɗinki a gefen hagu.

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Taku uku, ta tsaya ƙiƙam a gaban na'urar. Hoton ya bar zanin gado ya dawo kan baƙin hijabinta, ya zama wani haske-haske da ba mai gane komai a ciki.

"Kashe."

"Karima, kin tare wa mutane."

"Na sani. Kashe."

"Ina tsakiyar firizanteshan..."

"Dauda, don girman Allah kashe janaretonka."

Dauda ya dubi Armiya'u, ya dubi Inna. Inna ta gyaɗa kai. Janareto ya mutu. Ajin ya yi tsit, har ana jin tumaki a filin ƙwallo.

Karima ba ta ɗaga murya ba. Ba ta taɓa ɗagawa ba, shi ya sa ake tsoronta.

"Ina kas samu hoton ga?"

"A kasuwa na ɗauka. Na sayi nono."

"Wa yac ce maka ita ta fi bayarwa?"

Ya gyara igiya.

"Data ce."

"Armiya'u, Hausa nike maka. Wa yah hwaɗa maka?"

Ya kau da kai.

"Littahin ga bai taɓa kwana wajen ɗakina ba. Sai sau guda. Watan jiya da zazzaɓi yak kwantar da ni, na kai ma Inna ajiya kwana ukku."

Inna ta ajiye goronta a kan benci. A hankali.

"Ƙarƙashin filona nas sa shi."

"Inna, ba sata na yi ba. Hoto kawai na ɗauka."

"Shahi nawa?"

"Ai don ci gaban..."

"Shahi nawa, Armiya'u?"

Ba ta ce maigidan ba. Kowa ya lura.

"Duka."

Salati ya tashi ta ɓangaren mata ya tsallaka na maza.

"Sunaye?" in ji Karima.

"E."

"Lambobin waya? Na mai bayarwa da na dangin mai jinya?"

"Manhajar ba ta karɓa sai an cike kowane gida. Sati biyu na yi ina shigarwa, ko barci ba na yi. Ba wanda ya ce min sannu."

"Sannu," in ji Malam Tsoho. "Allah ya isa kuma."

Nan ne ran Kodineta ya ɓaci.

"Ku tsaya! Wai meye abin ɓoyewa? Alheri ne fa! Mutum ya yi abin kirki a ɓoye shi kamar ɓarawo? Ke Karima, da wane ilimi kike riƙe da bayanan mutum ɗari huɗu? Aji shida kika tsaya. Littafin ɗan firamare, da biro ja! In gobara ta tashi fa? In kika mutu fa?"

"In na mutu Inna ta sani."

"In Inna ta mutu?"

"Ka riga ni," in ji Inna. "Da wanga hali naka ba ka daɗewa."

Karima ta rungume littafin ta juyo ta fuskanci mutane.

"Gaskiya yah hwaɗi, aji shidda nit tsaya. Sauran a bayan kwalin magani na koya. Kuma ba tsoron sabon abu muke ba. Da bakin direbobi munka fara. Waya taz zo munka koma filashin. Wasaf yaz zo munka shiga, ba wanda yay yi muna tirenin. Amma ko wane munka shiga, mu ke riƙe da ƙofa."

Ta dubi Malam Tsoho.

"Baba, sanda anka yanke sabis a jihar ga gaba ɗaya, wata da watanni, mi munka yi?"

Malam Tsoho ya gyara hula. Wannan labari ne da yake so.

"Ƙulli munka yi. Ɗiyar ga ta ƙulla gero a leda, ƙulli biyu, ta ba ni. In isa tasha Shinkafi in miƙa ma mai shayi. Kahin in sha ruwa mutum biyu sun shiga mota. Sojan kan hanya ya buɗe ya ga gero, ya ce wuce, baba."

"Mace nawa munka rasa lokacin don rashin jini?"

"Ko ɗaya!" Ba Malam Tsoho kaɗai ya amsa ba. Rabin ajin ne.

"Ko ɗaya," in ji Karima. "Da biro ja."

Wani ya yi kabbara a baya. Aka amsa har da waɗanda ba su ji abin da aka ce ba.

"Batun suna kuma, Inna, gaya mai. Ina ga ba a yi musu wanga darasi ba a Abuja."

Inna ta ɗauki goronta.

"Shekarar farko ban san haka ba. Wata ta ba maƙwabciyarta leda guda, nah haɗa su nac ce ku gaisa. Anka yi kuka, anka rungumi juna. Wata guda bayan nan kazar wagga ta ci shanyar waccan. Ina zaune ɗaki nij ji ana kururuwa bisa katanga: tohe min jinina, marar kunya! Wallahi matar nan har ta bar duniya ba ta ƙara ɗaga kai a unguwa ba. Ran nan nar rantse. Wanda ya ba da jini, Allah ya gani. Ya ishe shi."

"Wannan tsohon zamani ne, Inna."

"Kaji sun daina cin shanya?"

Malam Tsoho ya miƙe.

"A ɗaga hannu mu tashi, la'asar ta kusa. Masu son mu tsaya gidanmu."

Hannaye suka tashi kamar karan dawa. Karima ta ƙirga sau biyu don kar a ce. Sittin da ɗaya. A can bencin baya, ƙarƙashin mayafi, wani dogon hannu mai awarwaro ma ya tashi, ko da yake mai shi ba ta san me ake zaɓa ba. Ta ga Karima ta ɗaga ne.

"Masu son zauren haya."

Hannu biyu. Armiya'u da Dauda.

"Dauda?"

"Ƙuda nike kora, Baba."

"To ɗaya."

Karima ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta. Ta juya wajen Armiya'u, har da ɗan tausayi.

"An gama. Yanzu gaban kowa za ka goge duk abin da kas sa. Sannan ka goge hotunan littahi daga wayarka."

Bai motsa ba. Agogon hannunsa yake kallo.

"Ka ji ni?"

"Ƙarfe nawa a wajenku?"

"Huɗu saura minti ɗaya. Mi ya faru?"

Ya haɗiye yawu. Katin wuyansa ya hau ya sauka.

"Akwai wani... na shirya muku safrayis ne."

Ɗin-ɗin.

Wayar wata mata ce a benci na uku.

Ɗin-ɗin. Ɓangaren maza.

Sai ta ko'ina. Masu tocila, masu shafawa, mai kukan jariri, mai kiran salla. Da yawa cikin 'yan ƙungiyar ta hanyar jinya suka shigo, an taɓa ba su ko an ba nasu, lambobinsu na cikin littafi.

Malam Tsoho ya zaro tasa ya miƙa wa Dauda.

"Karanta min."

Dauda ya karanta da ƙarfi, irin karatun allo.

"Albishir! Wanda ya ceci rayuwarka shi ne Haladu Sani, Shinkafi. Kwanan wata da adadin leda na ƙasa. Zo ka gode wa gwarzonka yau a taron Ɗigon Rai, firamaren bayan tasha, Ƙaura."

Malam Tsoho ya juya a hankali. Haladu na zaune mutum biyu tsakaninsu. Shekara bakwai ba sa gaisawa a kan iyakar gona.

"Kai?"

Haladu ya kalli silin.

"Jininka na cikina tun haɗarin Kwanar Bore?"

"Ni ban san kai ba ne. Da na sani da na yi zazzaɓi."

"Shi ya sa! Wallahi shekara biyu ke nan nike jin wata rowa da ban san ta ba!"

Wasu suka yi dariya. Karima ba ta ji su ba. Ta riga ta cafki igiyar wuyan Armiya'u, ba ta damu da maza ko mata ba.

"Wa da wa anka tura ma?"

"Otomatik ne..."

"Wa da wa?"

"Duk lambar da ke gidan mai karɓa."

"Duka ɗari huɗu?"

"Da sha biyu."

"Tsai da shi."

"Ya riga ya tafi."

"To sauke shahin hotunan. Yanzu."

Ya buɗe kwamfutar. Ya danna nan, ya danna can. Wani jan rubutu ya fito.

"Mi yac ce?"

"Wai ba ni da izini. Sai babban admin."

"Kira shi."

"Ba a kiransu. Imel ake turawa."

"Tura!"

"Yau Asabar, Karima. Sai Litinin suke buɗewa."

Inna ta juyo. Ta dube shi kawai, ta dubi zanin gadonta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ajin ya rikice. Wata na kuka tana rungume da wadda ba ta taɓa yi wa magana ba. Wani na rantsuwa shi bai taɓa sanin surukinsa na da jinin bayarwa ba. Karima ta saki igiyar ta buɗe littafi, ko da yake ba ta bukata. Ta san shafin. Daminar bara, riɗi, leda biyu. Lambar da ke gefen mai jinya ba ta Saliha ba ce. Saliha ba ta da waya.

Ta Mudi ce.

Daga gidan Mudi zuwa firamaren nan, ko da ƙafa, ba a gama cin goro ɗaya.

Ta kutsa cikin mata har bencin baya.

"Barakatu, tashi. Ɗauki ƙwaryarki. Baba Tsoho zai zagaya da ke ta bayan makaranta ya kai ki tasha."

"Mi ya faru? Kowa na kuka da dariya."

"Zan gaya miki a waya. Tashi."

"Karimatu." Barakatu ta riƙe mata hannu. "Sunana ya hita?"

Karima ta buɗe baki. Shekara huɗu ba ta taɓa yi wa matar nan ƙarya ba.

"Ya hita."

"Wajen wa?"

"Matar da kika ba da damina. Mijinta."

"Wane ne?"

"Mudi. Na 'yan sa-kai."

Barakatu ta sake mata hannu. Ta san sunan. Ba rugar da ba a san shi ba.

"Matar ta rayu?"

"Ta rayu."

"Ɗan fa?"

"Mace ce. Tana rarrafe."

Barakatu ta gyaɗa kai sau biyu, kamar an gaya mata farashin da ta yarda da shi.

Ƙarar babur ta shigo filin makaranta da gudu. Ta tsaya daf da baranda. Ba a ma kashe shi da kyau ba.

Ajin na da taga huɗu, duk da ƙarfe. Ƙofa ɗaya ce.

Karima ta riga kowa isa. Ta tsaya a tsakiyarta, littafi a ƙirji, ta cike ta iya faɗin hijabinta.

Mudi ne. Ba hula, rigar sa-kai a buɗe, gora rataye a kafaɗa. Wayar na hannunsa, hasken bai ma mutu ba. Idonsa ja, ba a gane na fushi ne ko na wani abin.

Bai yi sallama ba.

Surutun ajin ya ɗauke ɗif. Malam Tsoho ya miƙe, Haladu ya miƙe tare da shi. Armiya'u kuwa ya cire igiyar wuyansa ya tura aljihu, ya koma bayan zanin gado, ƙafafunsa na leƙowa ta ƙasa.

"Malam Mudi, barka da yamma," in ji Karima. "Taron ƙungiya muke. Ba a shiga sai ɗan ƙungiya."

"Ni anka gayyata." Ya ɗaga wayar. "Ga shi a rubuce."

"Kuskure na. Na'ura ce taz zuba shirme."

"Shirme ya san ranar da Saliha ta haihu? Ya san leda biyu?"

"Ko mi yas sani, mu nan ba mu faɗar suna. Shekara ashirin da wani abu ba mu faɗa ba, ba kanka za mu fara ba."

"Matsa, ɗiyar mutane."

"Ba ni matsawa."

"Ba ni son in taɓa ki."

"Kar ka taɓa."

Ya ɗaga kai ta saman kafaɗarta, ya bi layin mata da ido, ɗaya bayan ɗaya.

"Wace ce Barakatu Hammadu, Gurbin Bore?"

Ba wadda ta motsa. Mata talatin, ko mayafi bai kaɗa ba. Inna Balaraba ta ci gaba da taunar goronta tana kallonsa cikin ido, kamar ba ita ta yanke masa cibiya ba.

Karima ta ji zuciyarta ta cika. Ko yanzu aka tashi, ta san irin mutanen da ta tara.

"Ka gani," ta ce. "Ba ta nan. Koma gida ka gai da Saliha."

Sai ta ji ƙwas a bayanta. Ƙarar ƙwarya ce da aka ajiye a kan siminti.

Sannan awarwaro. Sannan taku, ba sauri, ba tsoro, yana ratso hanyar tsakiya.

Hannu ya dafa kafaɗarta.

"Matsa, Karimatu," in ji Barakatu. "Bari ya gan ni da kyau."